Jana'izar Dakaren Gwangwani

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kibo, ko da mako guda ne, ya san Bahago. In bai gan shi ba ya ji muryarsa. Shi ne wanda ya bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka ba shi ya bar ta ba, malaman ne suka ƙarar da abin da suka sani, ya ga bai kamata ya ci gaba da ba su kunya ba. Shekara goma sha uku ke nan yana zaune a gindin rimin bakin masallaci yana jiran ƙasar nan ta gano shi. Ƙasar kuwa da alama tana da wasu ayyukan a gabanta.

Abu ɗaya ya tsira da shi daga makaranta, shi ne zane. Littattafan rubutu goma sha ɗaya ya cika da labarin zane, gida-gida, mutane na magana a cikin 'yan da'ira a saman kawunansu. Sunan labarin Dakaren Ƙarshe. Wai a shekara ta 2140 injina sun ƙwace Birnin Zariya, sun kife wani ƙaton murfin ƙarfe a kan ganuwa, sun sare duk rimin garin. Sannan suka kafa dokar da Bahago bai taɓa hango wadda ta fi ta muni ba: an hana zaman majalisa. Duk namijin da aka kama yana hira a inuwa, sai a jefa shi a mota a kai shi gona. Shugaban injinan, Babban Inji, yana da ɗan gemu fari da tabarau mai igiya da wushirya. Duk wanda ya buɗe littafin ya san fuskar, amma Bahago ya rantse haɗuwa ce kawai.

Mai fuskar shi ne Baba Ɗahiru, yayan mahaifinsa, ɗan kasuwar hatsi, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ƙanen nasa. Ran wata Laraba ya sa aka kira masa Bahago a zaure. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce damina ta matso, gonarsa ta ƙauye na neman hannu, shi kuma ya gaji da ciyar da wanda bai da sana'ar da za a nuna da yatsa.

Bahago ya gyara zama ya ce, "Baba, ai sana'ata ba irin wadda ake aunawa da tiya ba ce. Darakta ne ni."

"Na me?"

"Na fim."

"Ina fim ɗin?"

Bahago ya ɗora yatsa a goshi ya ce, "Yana nan."

Baba Ɗahiru ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake wa buhun da aka cika ƙasansa da tsakuwa. Ya ce, "Ran Asabar ta sama motar masara za ta koma ƙauye. Ko ka sauko da shi daga kan naka mu gani da idonmu, ko a ɗora kan da abin da ke cikinsa a bayan mota."

Kwana goma ke nan. Bahago ya fito daga zaure yana murmushi, ya wuce gindin rimi ya sanar da majalisa cewa Baba ya roƙe shi ya taimaka ya ɗaga sunan gidansu. Ya ce masu yin fim a ƙasashen waje suna ɓata shekara uku ne saboda ƙarancin basira, shi kwana bakwai ya ishe shi, sauran ukun na hutu ne da karɓar baƙi. Nan take ya naɗa abokinsa Auwal mai gyaran waya a matsayin mai ɗaukar hoto, don shi kaɗai ne wayarsa ba ta da tsaga a fuska. Sani da wasu uku na majalisa suka zama 'yan tawaye. Shi kuwa ya ɗauki nauyin darakta da marubuci da jarumi, ya ce ba don son kai ba, sai don ya duba garin kaf bai ga wani ba.

Sai maganar sulken Dakare, jarumin labarin. Ya kai zanen wurin maƙerin da ke yin murhu da mazurari, da buhun gwangwanayen mai da na madara. Maƙerin ya juya littafin sama, ya juya shi ƙasa, ya ce ya gane. Bayan kwana biyu ya miƙo abin da hannunsa ya saba yi: ƙaton mazurari na jiki, bututu biyu na hannu, biyu na ƙafa, babu gaɓa ko ɗaya. Hular kuwa babbar tukunyar alminiyam ce ta Inna Maijidda, mahaifiyarsa, wadda take dafa abincin suna da biki a ciki. Bahago ya ɗauke ta daga bayan rumbu ba sallama, aka tsaga mata wurin ido, aka ɗaure jar tocila a goshinta da waya mai kunnawa har tafin hannu.

A fitowar farko ta fim ɗin ana buƙatar lungu fayau, ba kowa, kamar garin da injina suka share. Bahago ya zaɓi lungun bayan masallaci, ya tsaya a tsakiya, rana na dukan gwangwani. Auwal ya ɗaga waya. Bahago ya ce akshin. Sai mai kurar ruwa ya shigo. Ya wuce, aka sake. Sai tumaki bakwai. Aka sake. Sai wata tsohuwa da ta tsaya tana tambaya ko mai gyaran tukunya ne, don tana da guda biyu da ke yoyo.

A karo na tara lungun ya yi tsit, Dakare ya fara takowa, ƙwaram, ƙwaram, sai ga Liman ya ɓullo ta kwana da carbi a hannu. To, a nan ne aka gane abin da maƙeri bai yi tunani ba. Duk ɗan da aka haifa a cikin ganuwa, in ya ga babba, gwiwarsa ce ke fara gaisuwa kafin bakinsa. Gwiwar Bahago ta tafi ƙasa, bututu ya ce bai san wannan ba. Ya tafi gaba ɗaya kamar an sare gwanda, ya zube a gaban Liman da ƙarar da ta sa kaji tashi a gida uku.

Liman ya ja da baya taku ɗaya, ya yi masa sannu, ya tambaya ɗan gidan wane ne a ciki.

Murya ta fito daga tukunya, "Allah gafarta Malam, Dakaren Ƙarshe ne."

Liman ya ce, "To, Allah ya sa daga kai an rufe."

Mutum huɗu suka ɗaga shi. Da yamma ya gaya wa majalisa cewa faɗuwar tana cikin tsari, ana kiranta faɗuwar jarumi, kuma ko Liman sai da ya yi masa addu'a.

Kwana biyu bayan haka sai fitowar hayaƙi, don babu garin da ya lalace ba tare da hayaƙi ba. Ya tara tsofaffin tayoyin keke napep guda shida a bayan katangar Hajiya Sailuba, ya cinna musu wuta, ya shiga tsakiyar hayaƙin ya ɗaga hannu ɗaya sama, iyakar inda bututu ya yarda. Hajiya Sailuba mai sayar da ƙuli-ƙuli ce, kuma a ɗakin da ke jikin katangar take ajiye jarkokin man gyaɗa. Tana ganin baƙin hayaƙi ta ƙwala kiran gobara. Kafin Auwal ya daidaita waya, lungu ya cika da bokitai. Ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, ruwan tsamiya, ruwan da aka jiƙa masara tun shekaranjiya, duk a kan Dakare suka ƙare, don shi ne abin da ake iya gani a cikin hayaƙin.

Da wuta ta mutu Hajiya ta fito da mayafi a karkace da muciya a hannu. Bahago ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa tarihi ake kafawa, nan gaba baƙi za su riƙa zuwa ganin katangarta.

Ta ce, "Wace ce uwarka a cikin tukunyar nan?"

"Hajiya, Bahago ne, na gidan Alhaji Ɗahiru. Kin tsoma baki a aikin shekara ɗari mai zuwa."

"To ungo wannan ka kai musu."

Ta sauke masa muciya a tsakiyar tukunya. Kwana biyu kunnensa na kiran sallah shi kaɗai. Daga nan ya yanko soson katifa ya cusa a cikin hular ta gefen kunnuwa biyu, ya ce ci gaban fasaha ne, dama yana cikin zane, shafin ne ya ɓata.

Ranar Laraba Auwal ya nuna masa abin da aka samu: daƙiƙa arba'in na tumaki, faɗuwa ɗaya, da bayan Hajiya Sailuba. Saura kwana uku. A ƙofar gida kuwa Baba Ɗahiru ya jingina sabuwar fartanya, kullum in zai fita sai ya gyara mata tsayuwa.

Bahago ya ce a bar ƙananan fitowa, a tafi kan babbar, wadda in Baba ya gani zai nemi gafara. Ita ce ta littafi na bakwai: injina sun harbe Dakare, 'yan tawaye huɗu sun ɗauko shi a kan gadon ƙarfe, sun ratsa garin shiru, sun kai shi ɓoyayyen ɗakin bincike, inda jar fitilarsa za ta kama ya tashi. Ɗakin binciken wani kango ne a jikin ganuwa, hagu da masallaci.

Aikin gadon ya kai wa Sagiru kafinta. Ya yi masa bayani na kusan awa guda, gadon ɗaukar jarumi na shekara ta 2140, mai hannu huɗu, marar nauyi, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Sagiru na ta gyaɗa kai. Shekara ashirin yana aiki a unguwar, kuma abin ɗaukar mutum a kwance iri ɗaya tak ya taɓa yi, duk masallatan yankin nasa suke amfani da shi. Da Bahago ya zo karɓa, Auwal ya dubi gadon ya ja shi gefe ya ce masa wannan fa makara ce.

Bahago ya ce, "Makara ka taɓa gani ruwan azurfa?"

"Fentin ne kawai, Bahago."

"Fentin shi ne fim ɗin. Kai dai riƙe waya."

Ranar Alhamis aka taru a rumfar Sagiru. Bahago ya zaɓi tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da rana ke korar kowa cikin gida. 'Yan tawaye ya ce su zo da tsummokara, kamar mutanen da injina suka wahalar. Su Sani suka ce ba za su ratsa unguwar surukansu da tsumma ba, kowa ya zo da wankakkiyar shadda da hula. Aka kwantar da shi, ya zame ya faɗo. Aka sake, ya sake zamewa, don gwangwani da fenti ba sa riƙe juna. Sai aka ɗaure shi da igiya a ƙirji da cinya da ƙafa. Ya ce a lulluɓe shi da farin zanin gado tun daga kai har ƙafa, kada masu satar fasaha su ɗauki hoton sulken kafin fim ya fito. Kafin a rufe fuskar ya yi jawabi. Ya ce komai ya faru kada wanda ya yi magana, kada wanda ya tsaya, kada wanda ya yi dariya, a sunkuyar da kai kamar an yi babban rashi. Shi kuma ba zai motsa ba sai ya ji Auwal ya ce kat, wato an gama ɗauka. Jawabin ya yi tsawo, don ya haɗa da tarihin rayuwarsa. Suna fitowa daga lungu ana sallame La'asar.

A ƙarƙashin zani Bahago bai ga komai ba sai fari, bai ji komai ba sai gunji ta cikin soso. Amma ya ji gadon ya ɗan girgiza, tafiya ta ƙara sauri. Ya ji takun ƙafafu sun ƙaru, daga takwas zuwa abin da ba ya ƙirguwa. Ya yi murmushi a cikin tukunya. Ya ce a ransa, ga shi nan, garin ya gano shi. Dama ya san haka za a yi, lokaci ne bai yi ba.

Abin da ya faru a waje kuwa, wanda sai daga baya Auwal ya ba shi labari, abu ne da ko jariri a birni ya sani. Mutane sun fito daga masallaci sun ga makara da farin zani da samari huɗu da kai a sunkuye. Ba a tambayar ta wane ne kafin a bi. Wani dattijo ya matso ya sa kafaɗa a hannun gaba, Sani ya riƙe gam, dattijon ya dube shi ya ce, ɗan nan, ladan kai kaɗai za ka kwashe? Sani ya saki. Bayan taku ashirin wani ya karɓi dattijon, wani ya karɓi na baya. Kafin a kai kwanar da ke zuwa kango, 'yan tawaye huɗu suna can ƙarshen ayari suna leƙe ta saman huluna. Makara ta wuce kwanar ko waiwaye babu, ta miƙe ta fita ƙofar gari, hanyar da kowace makara ke bi.

Auwal ya kutsa da waya a sama yana neman ya isa gaba. Wani tsoho mai jan goro a baki ya fizge wayar, ya ce 'yan zamani ba su da tsoron Allah, gawa ma sai an ɗauke ta hoto, ya jefa ta a aljihun babbar riga. Auwal ya buɗe baki zai yi bayani, mutum uku suka juyo suka ce ba a surutu a bayan gawa. Can wani mai shago ya raɗa masa, wa ya rasu?

Auwal ya ce, "Bahago ne, amma ai..."

Mai shagon bai jira amma ba. Ya yi salati ya juya ya gaya wa na kusa da shi. Kafin a kai maƙabarta labarin ya koma cikin gari a kan babur, ya shiga kasuwar hatsi, ya leƙa unguwar Kwarbai, ya faɗa gidan Alhaji Ɗahiru. Mata suka fara kuka, aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Inna Maijidda tana hawaye ta ce a ɗora babbar tukunya saboda masu zuwa gaisuwa. Aka duba bayan rumbu, babu tukunya.

Aka sauke Bahago a ƙasa da ɗan ƙarfi, soson kunnen dama ya zame. Ya zaci an iso kango. Ya daidaita yatsa a kan makunnin tocila yana jiran lokacin tashi. Sai ya ji wata murya na faɗa, tana cewa ba wanda ya aiko musu, su ba su haƙa wa kowa ba yau, wane irin gida ne za su kawo gawa ba sanarwa. Wata muryar ta ce a yi haƙuri, ga jama'a nan, a ba su diga. Sai ya ji ƙarar farko, tim, a ƙasa, kusa da kunnensa.

Bahago ya san littattafansa goma sha ɗaya shafi-shafi. Babu diga a ciki.

Zufa ta cika tukunya. Ya gwada ɗaga kai, igiya ta ce a'a. Ya yi niyyar ya yi ihu, sai ya tuna yawan takun da ya ji, ya lissafa hannu nawa ke nan in kowa ya ba shi mari ɗaya. Ya ce bari ya ɗan jira Auwal. Ai zai ce kat.

Jama'a suka tsuguna kewaye da makara ana jiran rami. Hira ta fara ƙasa-ƙasa, kuma duk a kunnen dama take sauka. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, bai taɓa kashe ko kiyashi ba. Na kusa da shi ya ce ai kisan ma aiki ne. Mai shayin bakin masallaci ya ce bencinsa na gefen hagu har ya lotsa da siffar marigayi, yanzu sai a juya katakon. Wani ya ce rimi zai sha iska. Sai muryar Liman ta tsawatar, ya ce a ambaci mamaci da alheri ko a yi shiru.

Aka yi shiru. Aka daɗe ana yin sa. Diga kaɗai ke magana. Bahago ya ji shirun nan ya fi muciyar Hajiya Sailuba zafi. Can wani bawan Allah ya yi gyaran murya ya ce, to, yana amsa sallama. Jama'a suka ce haka ne, haka ne, da sauri, kamar an sauke musu kaya.

Ana haka sai ga keke napep ta tsaya, Baba Ɗahiru ya sauko hula a hannu, ƙurar masara a riga. Ya ratsa mutane yana tambaya wa ya yi masa wanka, wa ya yi masa sutura, wa ya sallace shi, shi yana raye a garin nan za a ɗauko ɗan ƙanensa ba a gaya masa ba. Kowa ya dubi na kusa da shi. Kowa ya ce shi a hanya ya tarar. Su Sani da Auwal suna bayan wata bishiya, kowa na tura ɗan'uwansa.

Baba Ɗahiru ya durƙusa a gefen makara ya ɗora hannu a kan zani. Ya ji tauri, ya ce har ya sandare, Allah sarki. Sai muryarsa ta karye. Bahago bai taɓa jin haka ba tun da aka haife shi. Tsohon ya ce amana ce ƙanensa ya bar masa, shi ne ya matsa wa yaron nan, kwana takwas yana jingina masa fartanya a ƙofa. Ya ce da ya sani da ya bar shi da rimin nasa.

"Wallahi da Allah zai dawo min da shi, da ban ƙara yi masa maganar gona ba har in mutu."

Mai hankali a nan zai yi nishi a hankali, ya motsa yatsa, ya bari a ce doguwar suma ce, a kai shi gida ana hamdala. Shi kuwa Bahago abin da ya ji kawai shi ne ya ci nasara. Ya danna makunni. Jar fitila ta kama ta cikin farin zani, daidai goshi. Murya ta fito daga cikin tukunya, mai amo kamar daga ƙasan rijiya.

"Baba, ka faɗa a gaban shaidu. Liman, ka ji shi."

Ba a taɓa sanin dattawan Ƙofar Kibo na da gudu haka ba. Masu haƙa biyu suka fito daga rami ba tare da sun taɓa gefensa ba. Mai shayi ya haye bishiyar da su Sani ke ɓoye. Tsohon da ya karɓi waya ya bar takalmi ɗaya da goro rabi. Huluna suka zube kamar an kakkaɓe mangwaro. Liman bai gudu ba, amma ya koma baya da sauri yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Baba Ɗahiru kaɗai ya rage a durƙushe. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga zanin. Ya ga tukunya. Ya ga tambarin da aka yi mata da jan fenti a gindi, don kada ta ɓata a gidan biki, harafin sunan Maijidda. Ya ga ido biyu na ƙifta masa ta cikin tsaga. Ya share hawayensa da gefen riga, a hankali, ido ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da tabarau.

A lokacin ne Auwal ya leƙo daga bayan bishiya ya ce, da 'yar ƙaramar murya, "Kat."

Jama'a suka fara dawowa, kowa na neman hularsa, kuma kowa na ƙara fusata da ganin wanda ya gan shi yana gudu. Wasu suka ce a yi masa dukan da zai dace da makarar. Mai shayi daga kan reshe ya ce shi dai a dawo masa da addu'ar da ya yi. Wani ya ce ya rufe shago, ya ɗauki gwangwani a kafaɗa tun daga masallaci, yanzu wa zai gaya masa matsayin ladansa. Liman ya ce niyya aka duba, amma shi ma bai ce kada a taɓa Bahago ba. Shugaban masu haƙa ya dawo ya tsaya a bakin rami ya ce su ba sa barin kabari a buɗe ya kwana, kuma ba su za su cike wannan ba.

Aka kwance igiya, aka tsayar da Dakare kamar turmi. Bahago ya ga taron, ya ga fuskoki, ya ga dai ba shi da wata mafita sai baki. Ya ce Baba ya yi rantsuwa, kowa ya ji, kuma babba ba ya janye magana.

Baba Ɗahiru ya ce, "Na yi. Mamaci na yi wa."

"Ai ni ne, Baba."

"To zaɓi. In mamacin ne kai, ga rami an kusa gamawa, ga Liman, ga jama'a, ba sai an sake tara su ba. In rayayye ne, ga shebur."

Bahago ya dubi ramin. Ya dubi jama'a ko akwai mai cewa a yi haƙuri. Wanda ya ce yana amsa sallama ma ya kau da kai. Ya miƙa hannu ya karɓi shebur.

Sai da aka cire masa bututun hannu da na ƙafa da mazurarin jiki kafin ya iya sunkuyawa, amma tukunyar ta ƙi fita, don soso ya sha zufa ya kumbura. Haka ya cike ramin, da singileti da gajeren wando da tukunya a ka, jar fitila na kunne don makunnin ya maƙale, mutum kusan ɗari uku na tsaye suna gyara masa aiki. Wannan ya ce ya danna nan, wancan ya ce gefen can bai cika ba. Baba Ɗahiru ya tsaya da hannu a baya yana kallo har shebur na ƙarshe. Sannan ya juya wurin Liman ya ce, ashe yaron yana da sana'a, shekara goma sha uku yana ɓoye ta.

A gida sai da aka shafa masa man gyaɗa a wuya kafin tukunya ta fito, kuma Hajiya Sailuba ce ta ba da man, ta ce sadaka ne, da sharaɗin ita za ta ja. Inna Maijidda ta rungume shi ta yi kuka, sannan ta ga tsagar da aka yi wa tukunyarta ta sake wani kukan daban. Wayar Auwal ta dawo washegari. Ta ɗauki minti hamsin cif: duhun aljihu, ƙarar taunar goro, sai gudu.

Ranar Asabar da hantsi motar masara ta tsaya a ƙofar gida. Bahago ya hau baya da fartanya da jakar littattafansa, ya zauna a kan buhunan taki. Kafin su fita ganuwa ya riga ya gaya wa wani manomi da ke zaune gefensa cewa shi darakta ne, zai je ƙauye duba wurin ɗaukar kashi na biyu. Ya ce fim ɗinsa na farko mutum dubu ne suka fito kallo ranar buɗewa, manyan gari suka ɗauke shi a kafaɗa tun daga masallaci har bayan gari, wasu suka yi kuka, wasu suka kasa tsayawa saboda tsananin fasaha.

Manomin ya dube shi, ya dubi fartanyar, ya ce, "Ikon Allah. To ina fim ɗin?"

Bahago ya ɗora yatsa a goshi, daidai inda tukunya ta bar masa shaida. Mota ta faɗa rami, kan da abin da ke cikinsa suka bugi ƙarfe, aka miƙi hanyar gona.